Takalmin Mushe a Bakin Rijiya

Ranar da aka raba jar dawar taimako a Tasawa, ranar ce dutsen iyakar Gidan Sha Biyu ya ɓace.

Tun hantsi mutanen gidan suka fita da buhunansu, suka yi layi a ƙofar magaza, rumbun ajiyar gwamnati, a gaban sojoji. Shekarar tamanin da huɗu ce, damina ta biyu ke nan gero yana bushewa bai kai gwiwa ba. Da suka dawo da la'asar, Shatu mai tuwo ta zaga bayan rijiya za ta shanya tabarma, sai ta tarar da rami a inda dutsen yake.

Alhaji Mai Nasara ne ya gina gidan, ɗakuna goma sha biyu a zagaye, ya sayar da su ɗaiɗai ga mutanen da fari ya koro daga ƙauyuka. Takardar gidan ta ce ɗaki na mai shi ne, amma zaure da tsakar gida da rijiya na kowa ne, kwamiti ke kula da su. Da ruwa ya yi wuya a gari, sai Alhaji ya tuna cewa rijiyar a cikin filinsa na gefe ta faɗa, wai bai taɓa sayar da ita ba. Shaidar mutanen gidan guda ɗaya ce, wani guntun siminti mai lamba da ma'aunin filaye ya kafa taku uku bayan rijiyar. Jibi ma'aunin zai zo daga Maraɗi ya duba shi.

Ɗan Baba, dattijon da ke shugabancin kwamiti, ya ɗaga sandarsa ya tare mutane.

"Kada wanda ya taka wurin nan. Ga sawu nan ɓaro-ɓaro. A kira Maiwada."

*

Maiwada ɗan makiyaya ne daga arewacin Mayahi. Raƙumansa bakwai fari ya cinye, abin da ya rage masa a duniya shi ne rawaninsa da idanunsa. Da su yake bin sawun akuyar da aka sace a kasuwa, har jandarmomi, ƴan sandan ƙasar, sukan neme shi in abu ya shige musu duhu. Abin da ya faɗa a kan ƙasa, ba a taɓa ƙaryata shi ba.

Ba baƙo ba ne a gidan. Shekara biyu yana zuwa sayen tabarmar kaba wurin Zara'u, bazawarar ɗaki na bakwai, har tabarmi suka yi masa yawa a bukkarsa ta zango. Bai taɓa furta mata komai ba. Yana jira ya sami ko da ɗan taure ne da zai kira nasa, sannan ya yi magana kamar namiji. Cikin wannan jiran ne aka kawo wani malamin lakwal, wato makarantar boko, Mushe Ɗanladi (Mushe shi ne laƙabin malaman boko a nan), ya sayi ɗaki na huɗu, aka naɗa shi sakataren kwamiti don shi kaɗai ke karanta faransanci. Tun daga nan, in Maiwada ya zo, sai ya tarar da dariyar Zara'u ta riga ta tafi wani wuri.

Ya tsuguna a bakin ramin. Sawun takalmi sau-ciki ne, mai zanen igiyar ruwa a tafinsa, dugadugin hagu ya ɗan cinye. Bai buƙaci a gaya masa mai shi ba. Sau nawa ya ga wannan zanen a ƙofar ɗaki na bakwai, ya tsaya yana auna daɗewar tsayuwar mai shi?

Wani daɗi mai ɗumi ya taso masa daga ciki har maƙogwaro. Ya ja rawaninsa ya rufe baki.

Sawun ya fito daga ƙofar ɗaki na huɗu, ya zo ramin, ya yi nauyi, ya nufi dangar filin Alhaji. Daga can ya juyo ta gefen rijiya ya koma ɗakin. Dab da itatuwan da aka gitta a bakin rijiyar, takalman biyu sun tsaya a jere, sun juya wa rijiyar baya. Maiwada ya ce a ransa, a nan ɓarawon ya waiga ya ga ko ana kallonsa. Takun ya ɗan fi na Mushe gajarta, amma mai ɗauke da siminti ai dole ya rage taku.

"To, mi ƙasa ta ce?" in ji Ɗan Baba.

"Ina Mushe yake da rana?"

Shatu ta riga kowa. "Yana ɗaki, wai masassara. Mu muna can rana tana soya mu, shi yana nan ana dama mishi kunu." Ta harari ƙofar ɗaki na bakwai.

Maiwada ya sa aka kawo kwanduna, ya kife su a kan sawun ɗaya bayan ɗaya, ya ce mata su ɗebi ruwa ta ɗaya gefen.

*

Ya tarar da Mushe Ɗanladi zaune a bakin gado, lulluɓe da bargo, leɓunansa sun bushe. Takalman suna ƙofa, ƙura ta hau su.

"Naka ne?"

"Nawa ne. Amma wallahi tun jiya ban sa su ba. Na sha kinin na kwanta, ban farka ba sai da na ji hayaniya."

"Wa ya gan ka kwance?"

Mushe ya dubi ƙasa. "Zara'u ta kawo mini kunu da safe, kafin ta tahi layi."

"Da safe. Ni rana nake tambaya."

"Malam Maiwada, ka yi tunani mana. Ni na rubuta wa kumandan mai mulkin gari takarda har sau uku kan rijiyar nan. C'est absurde. In tumɓuke dutsen in ba wa?"

"Ni ban jin yaren nan naka, Mushe. Yaren ƙasa nake ji."

"Ka san abin da za su yi mini? Dutsen gwamnati ne. Jandarma za su tahi da ni, aikin ya tahi. Takardar gida kuma ta ce wanda ya cuci kayan kowa, kwamiti ya fitar da shi. Ni da hannuna na karanta musu wurin."

Maiwada ya dubi kwanon kunun da ke ƙarƙashin gado, an rufe shi da faifai mai ja da baƙi. Ya san hannun da ya saƙa shi. Shi ma ya taɓa neman irinsa, aka ce masa kaba mai launi ta ƙare.

"Gobe bayan la'asar zan faɗi abin da na gani," ya ce, ya fita bai yi masa sannu ba.

*

Washegari da safe ya je wurin Alhaji Mai Nasara. Ya same shi a rumfar shagonsa, ana auna masa sabulu, rediyo tana kiɗan soja.

"Ni?" Alhaji ya yi dariya har tumbinsa ya motsa. "Jiya ina Mayahi tun asuba, ka tambayi direban kamyo, babbar motar nan. Kuma mi zan yi da satar dutse, ina da aboka a Maraɗi, lauya mai tsaya mini gaban alƙali? Takarda ke cin takarda, ɗan'uwa, ba a sa hannu."

"Sawun ya je dangarka."

"To ka shiga ka duba. In ka ga dutsen, na bar musu rijiyar."

Maiwada ya shiga filin. Daga cikin dangar babu komai sai sawun ƙadangaru. Ba a jefo wani abu mai nauyi ba, ba a miƙa wa kowa ba. Ya fito yana jin wani abu yana sukarsa kamar ƙaya a tafin ƙafa.

"Mushe ya taɓa zuwa wurinka?"

"Wannan ɗan taurin kan? Na aika mishi da shadda da sallah, ya maido mini. Da dai tsohon ne ma." Alhaji ya tsame hannu daga aljihu ya nuna wajen gidan. "Ɗan Baba ai yarona ne a da. Daga Kanan Bakashe na ɗauko shi, shi ya haƙa mini rijiyar nan, zurfin gaba ashirin da biyu. Yanzu ya zama shugaba, ba ya gaishe ni. Shugaban da ko lambar ɗakinshi bai iya karantawa."

Maiwada ya yi sallama. A hanya ya yi ta gaya wa kansa cewa Mushe na iya ɓoye dutsen a wani wuri, ya maido shaddar don idon mutane. Ƴan boko sun iya irin wannan. Ya maimaita har ya kusa yarda.

*

Zara'u tana zaune a inuwar ɗakinta da azahar, kaba a cinya, amma hannunta ba ya aiki. Ta shimfiɗa masa tabarma kamar kullum.

"Mai rawani, yau kuma tabarma ko bincike?"

"Ke kika ga Mushe ƙarshe."

"Na gan shi yana rawar sanyi, ko cokali bai iya riƙewa." Ta ɗago ido, sun yi ja. "Maiwada, ba shi ba ne. Ka san ba shi ba ne."

"Ni ban san komi ba sai abin da ke ƙasa. Takalminshi ne."

"Takalmi." Ta yi wata ƴar dariya mai haɗe da hawaye. "Wannan takalmin ai shi ke haɗa mu faɗa. Mutum ya zo jan ruwa, ya hau kan itacen rijiya da sau-ciki kamar zai shiga buro wurin aikin gwamnati. In ce Mushe, za ka zame ka faɗa. Ya ce a'a, ƙafarshi ba ta son laka. Sau nawa Ɗan Baba ya yi mishi tsawa? Bai ji. Kamar yaro." Ta share ido da gefen zane. "Ko guga bai iya saki daidai, sai na karɓa."

Ba maganar ce ta fara sukarsa ba, muryar ce. Yadda ta ce "kamar yaro", a hankali, kamar tana ɗaukar ƙwai. Shekara biyu yana zama a kan tabarmar nan, ba ta taɓa faɗin aibinsa da irin wannan daɗin ba. Ya ji ƙirjinsa ya yi zafi, ya so ya tashi ya je zaure a take, ya kira sunan Mushe da ƙarfi kowa ya ji, a zo a tafi da shi da bargonsa da faransancinsa.

Sai maganar ta iso bayan muryar.

Ya miƙe, ya tafi bakin rijiya, ya ɗaga kwandon ƙarshe. Takalma biyu a jere, sun ba rijiya baya. Yanzu da ya duba da idon aikinsa, ya ga ba su nutse ba. Babu mutum a cikinsu. An cire su ne, an juya su da hannu, an ajiye. Sawun da ya zo daga danga yana da nauyi har nan, wanda ya tashi daga nan zuwa ɗaki kuwa sakayau. A jikin itacen, cikin zurfin da igiya ta ci, akwai farin garin siminti.

Ya tuna rijiyoyin arewa, inda yake shayar da raƙumansa. Mahaƙa ba sa taka bakin rijiya da takalmi, kuma in sun cire sai su juya hancinsa waje, don wanda ya sauka ya fito ya tafi gida.

Ya daɗe a tsugune. Babu wanda ya ga abin da ya gani. In ya shafe wurin da tafin hannu, shi ke nan, sauran sawun ya isa. Hannun ma ya miƙa, ya tsaya a sama da ƙasar. Ya ga Mushe a bayan motar jandarma, ya ga ɗaki na huɗu a kulle, ya ga Zara'u tana kuka wata ɗaya, wata biyu, sannan wata rana ta ɗago ta ga wanda bai taɓa daina zuwa ba. Ya ga duk wannan sarai, kuma ya yi masa kyau.

Ya mayar da kwandon ya kife.

*

Bayan la'asar masu ɗakuna suka taru a tsakar gida. Alhaji ma ya zo, ya zauna a kujerar da aka ɗauko masa. An fito da Mushe, yana jingine da bango. Ɗan Baba ya tsaya a gaba, takardar gidan a naɗe a hannunsa.

"To, Maiwada, ga mu. Ka faɗi sunan, kwamiti ya yi aikinshi."

"Zan faɗa. Amma maƙogwarona ya bushe. Mushe, jawo mini ruwa."

Aka yi ƴar gunaguni. Mushe ya lallaɓa da silifas ɗinsa, ya hau kan itacen da su, ya saki guga tana karo da bango.

Maiwada ya ce, "Bar shi, za ka kashe musu guga. Alhaji, ko kai?"

"Ni? Rijiyata ce, amma ban ja."

Mutane suka yi dariya, har da masu jin haushinsa. Shatu ta ce, "Rijiyarka a bakinka."

Maiwada ya juya ga Ɗan Baba. "To Baba, taimaka. An ce babu mai hannunka a wannan aikin."

Tsohon ya yi tsaki, ya miƙa wa Shatu takardar. Ya tako zuwa rijiyar yana faɗin yaran yanzu ba su iya komai ba. Taku ɗaya kafin itacen, ya zame takalmansa, ya sunkuya ya juya su suka ba rijiya baya, ya daidaita su, sannan ya hau.

Maiwada ya ɗaga kwandon da ke gefen. Sawun jiya da takalman yau suna kwance kusa da juna, iri ɗaya, kamar hannu ɗaya ya ajiye su.

Ɗan Baba ya dubi ƙasa, ya dubi ƙafafunsa, igiyar tana hannunsa.

"Wanda ya ɗauki dutsen ya ari takalmin mara lafiya a ƙofa," in ji Maiwada. "Ya je danga don a ce Alhaji aka kai wa. Amma da dutsen ya dawo. Bai jefa shi ba, don ya san zai fasa bangon rijiya. Da igiya ya saukar da shi. Mushe bai taɓa cire takalmi a nan ba, kowa ya sani."

"Baba?" Muryar Shatu ta yi ƙasa. "Kai da ka haƙa ta?"

"Ni na haƙa ta." Tsohon bai ɗaga murya ba. "Wata huɗu ina cikin ramin nan, ƙasa ta rufto mini sau biyu. Ranar da kumandan ya zo duba gida, wa ya ba hannu? Wa ya tambaya zurfinta? Yaron nan ya buɗe takarda ya karanta mishi zurfin rijiyata, ni ina tsaye kamar jakin gidan. Ku ma, in an yi faɗa kan kwata, ƙofar wa kuke bugawa yanzu?" Ya dubi rijiyar. "Da safe zan fiddo shi, kafin ma'aunin ya iso. In ce na tsinto inda ya jefa. Ba rijiyar na so ku rasa ba. Shi na so ku rasa."

Maiwada ya kawar da kai. Ya ji kowace kalma kamar daga bakinsa ta fito.

Babu wanda ya ba Ɗan Baba umurni. Shi da kansa ya ɗaura igiya a ƙugu, maza huɗu suka riƙe, ya sauka. Da dutsen ya fito yana ɗigar ruwa, lambarsa tana nan, Alhaji ya kaɗe rigarsa ya ce shi dai lauyansa zai yi magana. Shatu ta raka shi har zaure tana yi masa addu'ar sauka lafiya da muryar da ba ta addu'a ba.

Aka mayar da dutsen raminsa a gaban kowa. Wani ya ce a kira jandarma, wani ya ce a karanta wurin nan na takardar gida da ya ce a fitar da mai cutar kayan kowa. Aka miƙa wa Mushe. Ya riƙe ta, ya dubi tsohon da ke zaune a ƙasa jiƙe da laka.

"Idona ba ya gani yau," ya ce, ya naɗe ta. "Kwamiti ya zauna bayan ma'auni ya tahi."

*

Maiwada ya kai zaure ke nan ya ji takun Zara'u a bayansa.

"Maiwada, tsaya."

Ta tsaya nesa kaɗan, tana murza bakin mayafinta. Fuskarta ta yi wani haske da bai taɓa gani ba, har ya ji kamar ya rufe ido.

"Ban san da bakin da zan gode maka ba. Na san kai ba ka yin ƙarya, ko Mushe na gaya wa." Ta sunkuyar da kai. "Akwai wata magana. Mutanenshi za su zo daga Hawandawaki. Ka san nawa duk sun watse, kawuna yana Kano, ban ma san unguwar ba. Babu namijin da na yarda da shi kamar kai. Ina so ka tsaya mini, kai ne za ka ba da ni."

Ya ji iskar zauren ta tsaya. A waje wani mai jaki yana wucewa da garwa biyu, yana kiran ruwa. Maiwada ya gyara rawaninsa har ya rufe hanci, ya jira sai da ya tabbata muryarsa za ta fita daidai.

"Wace rana?" ya ce.